Ku Tambayi Tanti: mi kowane abu ke yi cikin gato da kayan zaƙi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Saƙonnin wannan satin kusan duka kan gato ne da kayan zaƙi, da alama hidimar suna da biki ta kankama a Yamai kowa na son ta fidda abin da za a yaba. Na tsinto waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, wasu na taƙaita su saboda tsawo, ku yi haƙuri.

Daga wata amarya a Bukoki: Tanti ina wuni, dan Allah ki taimake ni. Ina bin bidiyo tsaf yadda sunka ce, amma gatona in ya fito sai ya yi tauri shina jawuwa, maigida har cewa ya yi burodi na gasa. Fulawar ce ba ta da kyau ko mi?

Lafiya lau ɗiyata, Allah ya sanya albarka cikin auren. Fulawarki lafiyarta lau, ina kyautata zaton hannunki ne ya yi yawa a kanta. Cikin garin alkama akwai wani sinadari da ake ce ma gulutan, in garin na bushe kwance shike ba ruwanshi da kowa, amma da ya ji ruwa kika fara juyawa sai ya soma haɗa danƙo, kuma iya juyin da kinka yi iya ƙarfin danƙon. Mai burodi wannan danƙon shike nema shi ya sa kike ganin suna ta murza ƙulli suna dukanshi, ke kuwa mai gato kaɗan kike so, wanda zai riƙe jikin gaton kar ya wargaje kawai. To ki buga mai da sukari da ƙwai iya son ranki, nan babu laifi, amma da zarar fulawa ta shiga ki aje injin bugu ki ɗauki cokalin katako ko muciya ƙarama ki riƙa juyowa daga ƙasa zuwa sama a hankali, da kin daina ganin farin gari ki tsaya ko da akwai 'yan gudaji ƙanana, wuta za ta gyara su.

Bari in faɗi abin da duk sauran amsoshin yau za su dogara a kai, don in kin gane shi kin huta da tambaya. Kayan gato kashi biyu ne suna kokowa cikin kwano, fulawa da ƙwai su ne masu ƙarfafa jiki, sukari da mai su ne masu tausasawa, kuma gato mai kyau shi ne wanda aka tashi ba wanda ya kada wani. Fulawa ta yi rinjaye ki samu tauri da bushewa, sukari da mai sunka yi rinjaye ya tashi cikin fur, wato murhun gashi, ya burge ki sannan ya zube a tsakiya ya yi dama-dama. Shi ya sa tsohon gaton nan na Faransawa da suke ce ma katar-kar har yau ba ya ba da kunya, nauyin abu huɗu ne daidai wa daida: ki auna ƙwai 4, kusan gram 200 ke nan in an fasa, sai sukari gram 200, bota gram 200, fulawa gram 200.

Kuma dan Allah in da hali ki sayi ɗan sikelin kicin. Kofi guda na fulawa in kin danna shi da wanda kinka zuba sakwa-sakwa ba nauyinsu ɗaya ba, bambancin na iya kai gram 30 ko fiye, a kofi 3 kin ga an ƙara kusan wani kofin ba ki sani ba. In babu sikeli ki tankaɗe garin tukun, ki zuba da cokali cikin kofin, ki share bakin da wuƙa. Wata dabara kuma, ki ɗebe cokali 2 na fulawa daga kowane kofi ki maye da garin sitacin masara irin Maïzena, shi ba ya da gulutan ko kaɗan, gaton zai fi laushi. Masu son sa garin gero ko na shinkafa ma haka abin yake, su ma ba su da danƙo, don haka kar ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na garin in ba haka ba gaton marmashewa zai yi a hannu.

Daga Tawa, wata mai saida fanke da ke son ta fara gato: Hajiya barka da aiki. Ni lebir ɗin nan ya ruɗe ni, na tahi butik na ce a ba ni lebir anka ba ni wani, na sa ma gato bai tashi ba. Wata ta ce in sa bikarbonat, na sa ya yi ɗaci ya yi ja. Kuma kanwa ba ta yi ne?

Barka kadai 'yar uwa, a gaida mutanen Adar. Abu uku ne daban-daban, aikinsu dai ɗaya wato su cika ƙullin da iska, amma hanyar kowa daban.

Na farko lebir na burodi, wanda kike sa ma fanke, mai ƙananan ƙwayoyi ruwan ƙasa-ƙasa. Wannan abu ne mai rai, shina cin sukarin da ke cikin ƙullin shina fidda iska sannu a hankali, shi ya sa kike rufe fanke ki bar shi awa guda ko biyu. Ruwa mai ɗumi shike so, ɗumin da za ki iya barin yatsa ciki, in zafin ya kai wajen digiri 60 ya mutu. Ƙullin gato kuwa sukari da mai sun yi mishi yawa kuma ba a jira, daga kwaɓi sai wuta, to yaushe zai yi aikin? Ina jin shi anka ba ki.

Na biyu bikarbonat, farin gari mai ɗan gishiri-gishiri a harshe. Shi ba ya aiki sai ya gamu da tsami: nono, yawur, ruwan lemun tsami, ruwan tsamiya, ko zuma. Da sun haɗu take kumfa ke tashi. In ƙullinki ba abu mai tsami, ko kin zuba da yawa, ragowar da bai samu tsami ba shi ne ke ba da ɗacin nan mai kama da sabulu ya kuma rinar da gaton ya yi ja. Ƙarfinshi ya ninka na lebir ɗin gato, wanda zan zo kanshi yanzu, sau 3 zuwa 4, don haka kwatan ƙaramin cokalin shayi ya ishi kofi guda na fulawa, kuma da kin kwaɓa ki sa a wuta kar ki tsaya hira.

Na uku shi ne naki, lebir shimik, mai zuwa cikin ɗan sashe na takarda. Bikarbonat ne anka haɗa mishi tsaminshi busasshe tun daga masana'anta, da ɗan sitaci da ke hana su jiƙa, shi ya sa ba ya neman nono. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, ya haɗa irinshi a 1843 saboda matarshi lebir na burodi ba ya karɓarta. Sashe guda gram 11 ne, an yi shi don fulawa gram 500, to ki lura, masu juye sashe 2 cikin rabin kilo don gato ya yi tsawo su ne gatonsu ke kumbura ya fashe ya koma ya zauna. Kuma damina na kashe shi, in ya daɗe a buɗe ko kin ga ya dunƙule ki zuba rabin cokali cikin ruwan zafi, in bai yi kumfa fuuu ba ki zubar.

Kanwa kuwa dangin bikarbonat ce, akwai shi cikinta ma, shi ya sa iyayenmu ke kashe tsamin ƙullin waina da ita tun ba a san sashe ba kuma waina na tashi. Matsalarta ga gato ita ce ba ta da ƙarfi guda, ta wannan kasuwa daban ta waccan daban, ga ƙasa da gishiri ciki, ba za ki iya aunawa daidai ba. Ki bar ta ga waina da miya.

Daga Yantala, mai karɓar komand na gaton suna: Tanti lokacin sanyi gatona kamar soso, amma tun da zafi ya shigo sai ya fito a danne ƙasan na maiƙo, alhali ban canza komi ba. Kuma zan iya sa man gyaɗa ko man shanu na Fulani? Bota ta yi tsada.

Ƙanwata ke ba ki canza ba, gari ne ya canza. Wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci ga mu mazauna nan, don yawancin bidiyon da kuke kallo a waya an yi su a ƙasashen sanyi ne, in sun ce ki bar bota ta yi laushi a ɗaki suna nufin ɗaki mai digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu Yamai na wuce 40, kicin kuma ya fi waje. Bota na narkewa tun wajen digiri 32 zuwa 35. Dalilin da ake buga bota da sukari tun farko shi ne ƙwayoyin sukarin su huda botar su bar ƙananan ramuka na iska bila adadin, kina gani tana yin fari tana ƙaruwa, lebir kuma ba ya ƙirƙirar sababbin ramuka da yawa, waɗannan da kinka tara su shike hurawa su girma. Bota in ta zama ruwa ba ta riƙe iska, ko ki kwana kina bugu. Sai ta kwanta ƙasan mul, wato kwanon gashi, ta ba ki maiƙon da kike gani.

Abin yi, ki fiddo ta daga firigo minti 10 kacal kafin aiki, ki danna da yatsa, in ya shiga ya bar gurbi amma bai fito da sheƙi ba to ta yi. Ki ɗora kwanon bugun cikin wani babba mai ruwan ƙanƙara, ki yi kwaɓinki da asuba ko da dare. Ranar da babu kuran firigo ya huce, kar ki wahal da kanki, ki koma gaton mai na ruwa, ga shi: yawur kofi 1, sukari kofi 2, fulawa kofi 3, mai rabin kofi, ƙwai 3, lebir shimik sashe 1, duka da ƙaramin kofi guda kike aunawa, wuta digiri 180 wajen minti 35. Wannan zafi ba ya dame shi, kuma ya fi na bota daɗewa da laushi don mai na ruwa ba ya daskarewa in gato ya huce, kwana 3 shina nan da taushinshi. Abin da za ki rasa ƙamshin bota ne kawai.

In za ki musanya ki tuna bota ba mai ce zalla ba, kusan kashi 82 cikin 100 ne mai, sauran ruwa ne da ɗan madara, don haka bota gram 100 mai gram 80 ne, ki cika da cokali 1 ko 2 na madara. Man gyaɗa na gida mai ƙamshin ƙuli-ƙuli zai danne komi, gaton sai ya yi ɗanɗanon gyaɗa, in da koko ne ko ayaba ya yi daɗi ƙwarai amma ga farin gato ki nemi tacaccen mai mara ƙamshi. Margarin na buguwa kuma ta fi bota jure zafi, shi ya sa masu sana'a ke sonta, sai dai ki duba jikin roba, wadda man cikinta bai kai kashi 70 ba ruwa ya yi mata yawa, ta shafa burodi ce.

Man shanu kuwa ni ina sonshi, kuma ina jin haushin yadda ake raina shi. Ɗanye wanda anka kaɗe daga nono ki wanke shi da ruwan sanyi sau biyu ko uku tsamin ya ragu, ki sa firigo ya kama jiki, zai bugu. Soyayye ruwanshi ya riga ya ƙone, ba ya riƙe iska sosai, amma ga nakiya da dubulan da biskit babu kamarshi, ƙamshin da ke tashi in an buɗe kwanon garar amarya ai shi ne.

Daga wani magidanci a Talaje: Hajiya, mahaifiyata na da ciwon sukari kuma tana son gato. Na ce ma iyali ta cire sukari gaba ɗaya, abin ya fito fari fat a bushe. Ko zuma za mu sa ko dabino?

Malam Allah ya saka maka da alheri da kula da Inna, Allah ya ba ta lafiya. Sukari ba zaƙi kaɗai shike badawa ba. Shi ke jan ruwa ya riƙe, shi ya sa gato ke kwana bai bushe ba. Shi ke tare fulawa ya hana ta yin danƙo da yawa. Shi ke sa bayan gato ya yi ja mai kyau da ƙamshin gashi, kuma kamar yadda na ce ma ƙanwata ta Yantala shi ke huda bota iska ta shiga. An cire shi an cire aiki huɗu lokaci guda. Ana iya rage kashi ɗaya cikin huɗu, har ɗaya cikin uku, ba a ga wani babban canji ba, ni kaina haka nike yi don yawancin gaton da ake rabawa wajen biki zaƙinsu ya yi yawa.

Amma maganar gaskiya Malam, zuma da dabino da mazarƙwaila duka sukari ne a jikin mai wannan ciwo, kar wani ya ce maka na gargajiya ne ba ya komi. Ita kanta farar fulawa in ta shiga ciki sukari take komawa, to ko gaton da babu ƙwayar sukari ciki shina tada awon. Ka tambayi likitan da ke duba ta nawa za ta iya ci kuma yaushe, galibi ɗan yanki ƙarami bayan abinci ya fi babban yanki na wanda anka ce wai ba sukari. Ga masu lafiya da ke son zuma don daɗinta, ta fi sukari zaƙi kuma da ruwa cikinta, ku sa kashi uku cikin huɗu na adadin sukarin ku rage madara kaɗan ku sassauta wuta don tana saurin ƙonewa. Kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

Wata uwar amarya daga Lazare: Tanti alkakin da munka yi na gara, kwana biyu sai sukarin ya fito fari-fari a jiki shina ƙaras-ƙaras. Na kakata ba ya haka.

Hajiya ina taya ku murna. Kakarki tsamiya take sawa, na tabbata. Sukarin da kinka narkar cikin ruwa kullum so shike ya koma ƙwaya in ya huce, tsami kuwa in an dafa su tare shina raba wani sashe na sukarin gida biyu, gulukos da furuktos, waɗannan su ke shiga tsakani su hana sauran haɗuwa, sai ruwan ya zauna da sheƙi da danƙo. Ga sukari kilo guda ruwan lemun tsami cokali 2 ko ruwan jiƙaƙƙiyar tsamiya rabin kofi ya isa, zuma kaɗan ma na yin wannan aikin. Da ya fara tafasa ki daina juyawa, in kin ga ƙwayoyi sun manne a gefen tukunya ki goge da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, don ƙwaya guda in ta faɗa ciki tana iya jan sauran duka.

Sannan ki san matakin da kike nema, ki aje kofin ruwan sanyi kusa ki riƙa ɗigawa. In kin taɓa tsakanin yatsu biyu ya ja zare siriri, na alkaki ke nan da dubulan. In ɗigon ya dunƙule cikin ruwa ya yi taushi kina iya mulmula shi, wajen digiri 115, nan ake sauke na tuwon madara a zuba garin madara a tuƙa. In ya karye ƙas kamar gilashi, wajen 150, na alawa ne da kantun riɗi. Daga 160 ya fara ja ya zama karamel, daga nan zuwa ɗaci kuwa ƙiftawar ido ce, kar ki matsa ko nan da ƙofa. A kori yara daga kicin lokacin, ƙunar narkakken sukari ta fi ta ruwan zafi muni don mannewa take a fata.

Daga wata ɗaliba a Harobanda: Tanti ni ƙarnin ƙwai ne ba na so cikin gato, zan iya rage shi? Ƙwan zabi na yi? Kuma dommi fulan ɗina na madara da ƙwai ke yin huji-huji da ruwa a ƙasa?

Ɗiyata ƙwai guda aiki biyu gare shi. Farin kusan duka ruwa ne da furotin, wato sinadarin gina jiki, in an buga shina kama iska, in ya ji wuta ya daskare ya riƙe gaton a tsaye, amma in ya yi yawa shina busarwa. Gwaiduwa kuwa mai gare ta da yawa, kuma cikinta akwai abin da ke sa mai da ruwa su haɗu su zauna lafiya, shi ya sa ake sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya ana bugawa, in kin juye su gaba ɗaya ko masu sanyin firigo ne sai ki ga kwaɓin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. In za ki buga farin shi kaɗai ya yi kumfa, kwanon ya zama ba maiƙo ko ɗis kuma kar gwaiduwa ta ɗiga ciki, in ba haka ba ba zai tashi ba.

Kina iya cire ƙwai guda cikin 3 ki maye da yawur cokali 3 ko rabin nunanniyar ayaba, fiye da haka gaton zai yi nauyi. Amma ƙarni yawanci daga tsohon ƙwai ne, da zafin nan ƙwan da ya yi sati a kan tebur ɗin mai shayi ba sabo ba ne. Ki sa shi cikin ruwa, wanda ya kwanta ƙasa sabo ne, wanda ya taso sama ki yar. Kowane ki fasa a kofi daban kafin ya shiga kwano. Ƙwan zabi da damina kuwa ki saya da murna, ya fi na kaza ƙanƙanta amma gwaiduwarshi ta fi yawa, ki sa 4 a gurbin 3, gato zai fito ruwan ɗorawa.

Abin da ke rufe ƙarni shi ne kankararren bawon lemun tsami ko na lemun zaƙi, koren ko jan saman kawai banda farin ciki mai ɗaci, ko garin gyaɗar ƙamshi, ko citta da kanumfari kaɗan, ko banil. Banil na asali ɗan wata fure ne da ya fito daga Meziko, yau Madagaska ce ta fi kowa nomanshi, kuma har yanzu da hannu ake barbarar kowace fure ɗaya bayan ɗaya, dabarar da wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano a tsibirin Reyuniyon a 1841, shi ya sa tsadarshi ta fi ƙarfin aljihu. Na 'yar kwalba da na sashe da muke saye a Wadata ko Katako galibi haɗin masana'anta ne, ba laifi gare shi cikin gato, amma rabin murfi ya isa, masu tuttula rabin kwalba su ne gatonsu ke ɗaci shina warin turare.

Fulan kuma wuta ce ta yi mishi yawa. Farin ƙwai na fara daskarewa tun wajen digiri 62, gwaiduwa wajen 68, haɗe da madara da sukari ya kai wajen 80 ya kama, ba ya bukatar tafasa sam. In ya tafasa furotin ɗin ya matse ya tatso ruwan waje, hujin nan kuwa sawun tafasa ne. Madara lita 1, ƙwai 6 zuwa 8, sukari gram 150, ki tace, ki ɗora mul ɗin cikin faranti mai ruwan zafi har rabin jikinshi, wuta kaɗan-kaɗan, ki sauke tun tsakiyar na ɗan rawa in kin girgiza, zai ida kamawa in ya huce. Garin kastad na gwangwani shi babu ƙwai ciki, sitacin masara ne da kala da ƙamshi, Alfred Bird ɗin nan ne ma ya fara yin shi a 1837, to shi akasin fulan ne, sai an dama da ruwan sanyi tukun sannan ya ji tafasa kafin ya yi kauri.

Daga Kwara Kano: Tanti jelatin ya halatta? Kuma na sa abarba ciki ya ƙi kamawa.

Jelatin, abin nan da ke sa ruwan kayan zaƙi ya kama jiki, daga fata da ƙashin dabba ake fidda shi, kuma kaso mai yawa na wanda ake yi a Turai daga fatar alade ne, don haka in ba a rubuta na saniya ko na kifi ko halal a jikin kwalin ba ni ba na saye, haka ma alawar yara mai jawuwa da ake kawowa daga waje ku riƙa karanta bayanta. Hukuncin filla-filla na malamai ne, a tambaye su. Mafita mai sauƙi agar-agar, daga ciyawar teku ake yin shi, gram 2 na kama rabin lita, sai an tafasa shi minti 2, kuma ya fi dacewa da mu don ba ya narkewa a zafin ɗaki, jelatin kuwa da ya bar firigo ya kai wajen digiri 35 ya zama ruwa kan tebur gaban baƙi. Ɗanyar abarba da gwanda suna da wani sinadari mai narkar da furotin, wanda ke sa ganyen gwanda tausasa nama, shi ke cinye jelatin ɗin. Ki dafa abarbar minti 5 ko ki sa ta gwangwani.

Tambaya ta ƙarshe, daga wata mai ƙanƙarar leda a Banifandu: Tanti ƙanƙarata ta madara tauri take kamar dutse, ta maƙwabciyata kuwa laushi. Kuma wai gaskiya ne ana sa gishiri cikin kayan zaƙi?

Ruwa ya yi yawa cikin taki 'yar uwa. Sukari na hana ruwa daskarewa gaba ɗaya, mai na madara kuma na shiga tsakanin ƙwayoyin ƙanƙara ya hana su girma, to ki ƙara garin madara mai cikakken mai ko madarar gwangwani mai zaƙi, wadda kusan rabinta sukari ne don haka ki rage wanda kike zubawa. Ki dama sitacin masara cokali 2 cikin lita guda ki dafa ya ɗan yi kauri ya huce kafin ki ƙulla, ko ki sa garin ɗiyan kuka, shi ma shina kaurara ta ga ɗan tsami mai daɗi, sai dai a zuba shi bayan madarar ta huce don tsami da madara mai zafi tsinkewa suke.

Gishiri kuwa gaskiya ne, ɗan abin da yatsu uku sunka tsinta cikin gato guda ko lita guda, ba don a ji shi ba, shina danne ɗaci ne ya fiddo ɗanɗanon madara da koko, har dege in kin sa mishi za ki ji bambanci. In margarin ɗinki mai gishiri ce kar ki ƙara wani.